Tarihin cakulan: Daga dazukan Amurka ta Kudu zuwa teburin mai shayi a Bagadaza

Da sanyin safiya a unguwar Bagadaza da ke cikin garin Gombe, kamar yadda yake a sauran unguwannin biranen Arewa, mai shayi kan jera gwangwanayen madara da na Milo da Bournvita a gefen tukunyarsa. Idan mutum ya ce a haɗa masa mai kauri, sau da yawa abin da ya fi rinjaye a cikin kofin garin cakulan ne da madara da sukari, wani lokacin ma babu ganyen shayi ko kaɗan, amma sunansa shayi. A ƙananan shagunan cikin unguwa kuma yara na sayen Choco Milo da sauran alawoyin cakulan da canjin da ya rage na aike. Ta waɗannan hanyoyi biyu akasarin mutanen Arewa suka san cakulan, abincin da tarihinsa ya haura shekara 5,000, wanda kuma Najeriya na cikin manyan ƙasashen da ke noma tushensa.

Akwai buƙatar a warware wani ruɗani na suna tun daga farko. Kokon da ake magana a kansa a nan daban yake da kokon gero da ake sha da ƙosai. Wannan itace ne mai 'ya'ya, sunansa kuma ya shigo Hausa ta bakin Turawa, su ma aro suka yi daga harsunan mutanen Amurka ta Tsakiya. Daga ƙwayoyinsa ake samar da cakulan.

Itacen da asalinsa

Itacen koko ɗan kurmi ne. Yana son inuwa da laima da ruwan sama mai yawa, aƙalla milimita 1,500 a shekara, kuma ba ya jure dogon rani. Wannan ne ya sa ba a noma shi a Gombe, inda ruwan shekara galibi bai kai milimita 1,000 ba, kuma ake shafe watanni ba a ga ɗigo ba. Yakan fara 'ya'ya bayan shekara 3 zuwa 5 da dasawa. 'Ya'yan nasa kan fito ne a jikin gangar itacen da manyan rassa, kowane kwanso kuma na ɗauke da ƙwayoyi kimanin 30 zuwa 40 a lulluɓe cikin farin nama mai zaƙi da ɗan tsami.

Ɗanyar ƙwayar koko ɗaci ne da ita, ba ta kuma da ƙamshin da aka san cakulan da shi. Sai manomi ya fasa kwanson, ya tara ƙwayoyin, ya rufe su da ganyen ayaba na kwana 5 zuwa 7 har su ɗumama su yi tsami, kusan yadda mata ke rufe kalwa kafin ta zama daddawa. Bayan nan a shanya su a rana, sannan a masana'anta a gasa su, a cire ɓawon, a niƙa. Kusan rabin nauyin ƙwayar mai ne, shi ake kira man koko.

A shekarar 2018 masu binciken kayan tarihi suka bayyana cewa sun gano ɓurɓushin koko a jikin tukwane a wani wuri mai suna Santa Ana-La Florida a kudu maso gabashin ƙasar Ekwado, waɗanda shekarunsu suka kai kimanin 5,300. Wannan ita ce shaida mafi daɗewa da aka samu ta amfani da shi. Daga yankin kogin Amazon itacen ya bazu zuwa arewa, har ya isa ƙasashen da a yau ake kira Meziko da Gwatamala, inda ya sami martabar da ta sa duniya ta san shi. A 1753 masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, ya raɗa masa sunan kimiyya Theobroma cacao, kalmar farko kuma a Girkanci tana nufin abincin alloli.

Abin sha na manya, kuma kuɗin kasuwa

Al'ummomin Maya da Aztec shan cakulan suke yi, ba su taunawa. Sukan niƙa gasasshiyar ƙwayar, su dama da ruwa, su zuba barkono ko banila ko garin masara, sannan su riƙa kwarara shi daga wannan ƙwarya zuwa waccan daga sama har ya yi kumfa, irin yadda mai shayi ke shiƙa shayi tsakanin kofuna biyu. Babu sukari a ciki, domin rake bai isa nahiyar ba tukuna. A daular Aztec abin sha ne na sarakuna da mayaƙa da manyan fatake.

Ƙwayar koko ta kasance kuɗi a kasuwanninsu, kamar yadda wuri ya kasance a ƙasar Hausa kafin zuwan sulallan Turawa. Wata takarda ta shekarar 1545 daga garin Tlaxcala ta nuna cewa ana sayen talotalo mace mai kyau da ƙwaya 100. Har jabu ake yi: mazambata kan huda ɓawon, su cire ƙwayar, su cika shi da laka. Ƙasashen da Aztec suka ci da yaƙi kuma da koko suke biyan wani ɓangare na harajinsu.

Christopher Columbus ya ci karo da ƙwayoyin a 1502, cikin wani kwalekwalen fatake a gaɓar Honduras, amma bai fahimci darajarsu ba. Sai bayan da Hernán Cortés ya isa Meziko a 1519, ya kuma rushe daular Aztec a 1521, Sifaniyawa suka koyi shan cakulan. Jirgin farko da aka rubuta ya kai kayan koko na ciniki daga Veracruz zuwa Seville ya isa a 1585. Turawa suka cire barkonon, suka zuba sukari da kirfa, suka riƙa shan sa da zafi. Zuwa 1657 an buɗe gidan shan cakulan a Landan.

Wannan zaƙi yana da tsada mai muni. Da cututtuka da aikin tilas suka hallaka ɗimbin 'yan asalin Amurka, Turawa suka koma ga bayin da aka kwaso daga Afirka domin aikin gonakin koko a Benezuwela da Barazil da tsibiran Karebiyan, da kuma gonakin raken da ke samar da sukarin. Ke nan 'yan Afirka sun yi wa koko wahala shekaru aru-aru kafin a dasa itacen a nahiyarsu.

Yadda injina suka mayar da shi na kowa

Har farkon ƙarni na 19 cakulan abin sha ne mai maiƙo, na masu hali. Cikin shekara kusan 50 al'amarin ya sauya. A 1828 gidan Van Houten na ƙasar Holan ya sami lasisin injin matse man koko daga niƙaƙƙiyar ƙwaya, abin da ya rage kuma a mayar da shi gari mai saurin narkewa. Duk wani garin cakulan da ke kan teburin mai shayi a yau daga wannan ƙirƙira ya samo asali. A 1847 kamfanin Fry da ke Bristol a Ingila ya haɗa garin da sukari da man da aka matse, ya samar da sandar cakulan ta farko da ake ci. A 1875 Daniel Peter na garin Vevey a Suwizalan ya yi nasarar haɗa shi da madara, da taimakon maƙwabcinsa Henri Nestlé, a 1879 kuma Rodolphe Lindt ya ƙirƙiro hanyar juya cakulan na tsawon sa'o'i har ya yi santsi a baki.

Sunayen da aka saba gani a shagunan Najeriya sun biyo baya. Bournvita ya fito a Ingila a farkon shekarun 1930 daga kamfanin Cadbury, Milo kuma a Ostireliya a 1934. Tun asali an tallata su a matsayin abin sha mai ƙara kuzari, wannan hoton ne kuma ya bi su har Afirka.

Isowarsa Afirka ta Yamma

Da buƙata ta ƙaru a Turai, sai aka nemi sababbin gonaki. 'Yan Fotugal suka kai itacen tsibiran Sao Tome da Principe a wajajen 1820, daga can ya ƙetara zuwa tsibirin Fernando Po, wanda yanzu ake kira Bioko. A Sao Tome an ci gaba da aikin da bai da bambanci da bauta, har ta kai kamfanonin Ingila, ciki har da Cadbury, suka daina sayen kokon tsibirin a 1909.

A babban yankin nahiyar kuwa, ƙananan manoma 'yan ƙasa ne suka rungumi noman da kansu. A Gana ana tunawa da Tetteh Quarshie, wani maƙeri da ya dawo daga Fernando Po da 'ya'yan koko ya dasa a Mampong a 1879. Zuwa 1911 ƙasar, wadda a lokacin ake kira Gold Coast, ta zama ta ɗaya a duniya wajen fitar da koko. A Najeriya an fi danganta shigowarsa da wani basarake, Squiss Ibaningo, wanda ya kawo shi Bonny a 1874. Amma a ƙasar Yarabawa ya yi ƙarfi: 'yan kasuwar Legas irin su J.P.L. Davies da J.K. Coker suka kafa gonaki a Ijon da Agege, ma'aikatan gonakin kuma suka riƙa komawa garuruwansu da iri, har ya mamaye Ibadan da Ife da Ilesha da Ondo.

Goro da koko

Alaƙar Bahaushe da koko ta biyo ta hanyar goro ne. Masana tsirrai sun sanya itatuwan biyu cikin dangi guda, ƙasa ɗaya suke so, kuma dukansu na ɗauke da sinadaran kafin da tiyoburomin masu wartsake jiki, sai dai goro ya fi yawan na farkon, koko kuma na biyun. Ana iya cewa abin da Bature ya nema a kofin cakulan, Bahaushe ya daɗe da samun irinsa a ɓarin goro.

Fataken Hausa sun yi ɗaruruwan shekaru suna zuwa Gwanja sayen goro, suka kafa zango-zango a Salaga da Kumasi. Da noman koko ya bunƙasa a ƙasar Asante, dubban mutane daga arewacin Gana da Nijar da arewacin Najeriya da ƙasar Mossi suka kwarara zuwa can domin ƙwadago a gonaki da dakon buhuna da ƙananan sana'o'i, Hausa kuma ta zama harshen mu'amala a tsakaninsu. Da yawa daga cikinsu sun rasa abin da suka tara a ƙarshen 1969, lokacin da gwamnatin Kofi Busia ta ba baƙin da ba su da takardu umarnin barin ƙasar.

A kudu maso yammacin Najeriya ma haka abin ya kasance. Manoman Yarabawa kan dasa goro a tsakanin itatuwan koko, wasu a yankin Agege ma suka koma goro gaba ɗaya da suka ga kasuwarsa ta Arewa ta fi tabbas, musamman bayan layin dogo ya isa Kano a 1911. Unguwannin Hausawa na Agege da Shagamu da Sabo a Ibadan sun ginu a kan wannan ciniki. Koko ya nufi tashar jiragen ruwa ta Legas, goro kuma ya nufo Arewa, daga gona ɗaya.

Arzikin koko da zuwan man fetur

A 1947 gwamnatin mulkin mallaka ta kafa hukumar cinikin koko, wadda ke saye daga manoma a kan farashin da ta ƙayyade, ta sayar a waje, ta riƙe rarar. Da wannan rara gwamnatin Jihar Yamma ƙarƙashin Cif Obafemi Awolowo ta ɗauki nauyin ilimin firamare kyauta daga 1955, ta buɗe gidan talabijin a Ibadan a 1959. Dogon benen nan na Cocoa House da aka buɗe a Ibadan a 1965 shi ne tambarin wannan zamani, kamar yadda dalar gyaɗa ta kasance ga Kano. Cibiyar binciken koko ta ƙasa, wadda ke kusa da Ibadan, an kafa ta a 1964.

A wajajen 1970 Najeriya na samar da kimanin tan dubu 300 a shekara, tana ta biyu a duniya bayan Gana. Sai man fetur ya ɗauke hankalin gwamnati, matasa suka bar ƙauyuka, itatuwa suka tsufa ba a sabunta su ba. An rushe hukumomin ciniki a 1986. Fiye da shekara 50 bayan wancan matsayi, abin da ƙasar ke nomawa bai yi nisa da adadin na da ba, alhali Kwaddibuwa, wadda ta zarce Gana a ƙarshen shekarun 1970, takan kai tan miliyan 2 a shekara mai albarka. Jihohin Ondo da Kuros Riba da Osun ne kan gaba, amma Arewa ma na da nata rabo: ana noman koko a Taraba, maƙwabciyar Gombe, musamman a ƙaramar hukumar Kurmi inda daji ke da duhu, ruwa kuma ya wadata.

Mafi yawan abin da aka noma ana fitar da shi ɗanye zuwa Turai, musamman Holan. Abin da ake sarrafawa a cikin gida galibi gari ne na abin sha, daga masana'antu irin na Cadbury da ke Ikeja da na Nestlé da ke Agbara a jihar Ogun. Manoma da yawa sun tsufa a gonar koko ba tare da sandar cakulan ta zama abin da suke saya ba.

Dalilin da gari ya fi sanda karɓuwa a Arewa

Man koko na narkewa a kimanin digiri 34 a ma'aunin zafi, wato ƙasa kaɗan da zafin jikin ɗan Adam. Wannan shi ne sirrin daɗin cakulan, domin yana da tauri a hannu, yana shiga baki kuma ya narke. Amma shi ne kuma matsalarsa a gari kamar Gombe, inda zafin watannin Maris da Afrilu kan kusanci digiri 40. Sandar cakulan da aka ajiye a shagon da ba shi da firji, ko wutar lantarki ba ta tsayawa, takan zama ruwa kafin azahar. Idan ta sake daskarewa sai wani fari-fari ya fito a samanta. Man ne ya taso, ba ya cutarwa, amma mai saye kan ɗauka ta lalace.

Saboda haka sandunan cakulan na waje suka taƙaita ga manyan kantuna masu na'urar sanyaya ɗaki, da tsarabar matafiya da alhazai. Gari kuwa ba ruwansa da zafi, kuma tun da kamfanoni suka fara ƙulla shi a ƙananan leda na shan mutum ɗaya, ya shiga gidajen da ba za su iya sayen gwangwani ba. Ya kuma sami gurbi a al'ada. Ana kai wa mai jego da marar lafiya a asibiti, yana cikin kayan da iyaye ke haɗa wa ɗaliban makarantun kwana, yana cikin sayayyar azumi domin sahur. A ranar Sallah alawar cakulan na cikin abin da ake miƙa wa yara masu yawon barka da Sallah.

Arewa na ba da gudunmawa ga cakulan ɗin duniya ta wata hanyar da ba a cika ambata ba. Man kaɗe yana da wani sashe mai kama da man koko ƙwarai, dokar Tarayyar Turai ta shekarar 2000 kuma ta amince a sa wasu mayukan tsirrai, ciki har da na kaɗanya, har kashi 5 cikin 100 na cakulan. Don haka wani kaso mai yawa na 'ya'yan kaɗanyar da matan karkara ke tsintowa a Neja da Kwara da Kebbi kan ƙare a masana'antun kayan zaƙi na waje. A watan Agustan 2025 gwamnatin tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyen 'ya'yan kaɗanya na wata shida da nufin a riƙa sarrafa su a cikin gida. Ƙaron da ake samu a Yobe da Borno da Jigawa ma ana amfani da irinsa wajen sa wa alawoyin cakulan ƙyalli.

Tsadar shekarun nan

Kwaddibuwa da Gana na samar da fiye da rabin kokon duniya, don haka duk abin da ya taɓa gonakinsu kan taɓa kowa. Sauyin yanayin ruwan sama, da cutar baƙin kwanso, da cutar kumburin reshe, da haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba da ke cinye gonaki a Gana, sun rage amfanin da aka samu a kakar 2023 zuwa 2024. Farashin tan ɗaya, wanda ya daɗe yana kai-komo tsakanin dala 2,000 da 3,000, ya haura dala 10,000 a watan Maris na 2024, ya wuce 12,000 a Disamba, kafin ya fara sauka. Manoman Najeriya, da yake kasuwarsu a sake take, sun fi takwarorinsu na Gana da Kwaddibuwa cin moriyar tashin. Mai shayi da abokan cinikinsa kuwa tsadar gwangwani suka gani, ga kuma faɗuwar darajar naira a daidai lokacin.

Akwai wasu ƙalubalen. Batun sa yara aiki mai haɗari a gonakin koko bai kau ba duk da yarjejeniyar da manyan kamfanoni suka sa wa hannu a 2001. Tarayyar Turai kuma ta kafa doka a 2023 da za ta hana shigar da kokon da aka noma a filin da aka sare dajinsa bayan ƙarshen 2020, abin da ke buƙatar a yi wa kowace gona taswira. An ɗage fara aiki da dokar, amma ƙaramin manomi a Kurmi ko Ikom da ba a yi wa gonarsa rajista ba na iya rasa babbar kasuwarsa idan ta fara aiki.

Abin da mai saye ya kamata ya sani

Amfanin da bincike ya danganta da koko, kamar ɗan sauƙaƙa hawan jini, ya shafi baƙin cakulan ne mai yawan koko da ƙarancin sukari. Garin abin sha da alawoyin yara sukari da madara da tsiron hatsi ne suka fi yawa a cikinsu, saboda haka masu ciwon sukari na buƙatar taka-tsantsan, musamman da yake mai shayi kan ƙara nasa sukarin a kai. Ga yara kuma, alawar da ke maƙalewa a haƙori ita ce ta fi jawo ruɓewarsa. Sinadarin tiyoburomin ba ya cutar da mutum a adadin da ake ci, amma guba ne ga karnuka da kyanwoyi.

Masu kula da halaccin abinci kan tsorata idan suka ga kalmar Turanci mai kama da sunan barasa a jerin kayan haɗin cakulan. Idan kalmar ta zo tare da sunan koko, niƙaƙƙiyar ƙwayar ake nufi kafin a raba ta da manta, kuma babu giya a ciki. Sai dai akwai wasu cakulan na waje da ake cusa wa barasa ta gaske a tsakiya, wasu kuma na ɗauke da jelatin da aka samo daga dabbobi, kuma ana rubuta hakan a jikin kwalin. Kayan da aka yi domin kasuwar Najeriya na ɗauke da lambar rajistar hukumar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki, waɗanda suka fi muhimmanci a duba idan gari ne da aka auno daga buhu ko aka sake ƙullawa a leda marar suna.